Wace matata ce ta dace da tankin kifin gida a unguwar da ake yawan ɗauke wuta?

Baban Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan abin da ya dame ni tun shekaranjiya. Makonni uku da suka wuce na saya wa yarana tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke ɗaukar ruwa lita 54 idan an cika shi taf, na zuba kifin ado guda shida, irin jajayen nan da ake kira golfish. Mai shagon ya haɗa mini da ƙaramar matata ta lantarki wadda ake mannawa a jikin gilashi daga ciki, akwai baƙin soso a cikinta. Makonni biyu na farko lafiya lau, daga baya sai ruwan ya fara yin fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ganin haka na kwashe kifayen cikin bokiti, na zubar da ruwan gaba ɗaya, na wanke tsakuwar da soson a bakin famfo har suka yi fes, na cika tankin da sabon ruwan famfo. Bayan kwana biyu kifi biyu suka mutu, jiya na uku ya bi su, ukun da suka rage kuma sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki. Zatona matatar ce ta yi ƙanƙanta. Wace iri ya kamata in saya? Ku sani a unguwarmu wuta takan yi awa takwas ko fiye ba a dawo da ita ba.

Mai Tarwaɗa, Funtuwa

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan uwa. Ni shekarata bakwai ina kiwon tarwaɗa a tankunan tamfol, ban taɓa sayen matata ko ɗaya ba, kuma ina fitar da kifi lafiya. Abin da nake yi shi ne sauya ruwa, wani lokaci kullum, wani lokaci bayan kwana biyu, gwargwadon girman kifin da yawan abincin da suke ci. Shawarata ita ce kada ka ɓata kuɗinka a kan na'urar da sai da wuta take aiki alhali wutar ba ta zama. Ka riƙa sauya musu ruwa akai-akai, za su rayu.

Malam na Samaru, Zariya

Baban Ilham, kafin mu shiga zaɓen matata, bari mu ceto ukun da suka rage, domin alamun da ka faɗa na gaggawa ne. Ka daina ba su abinci yau da gobe, kifi mai girmansu ba ya galabaita da yunwar kwana biyu. Ka debe rabin ruwan ka zuba wani wanda aka kashe wa kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan famfo) da maganin da ake sayarwa a shagunan kifi, ka tabbata zafinsa ya yi kusa da na cikin tankin, kuma ka maimaita haka gobe da jibi. Ka narkar da gishirin girki tsantsa, kimanin giram ɗaya a kowace lita, wato wajen cokalin cin abinci uku a tankinka, ka zuba a hankali. Ka ɗago bakin matatar yadda ruwan da take fesowa zai riƙa girgiza saman ruwa, in wuta ta tafi kuma ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana zubowa daga sama lokaci-lokaci.

Yanzu ga abin da nake ganin ya faru. Matatarka ba ta yi laifi ba, wankin da ka yi mata ne ya kawo matsalar, kuma kusan kowa a zauren nan ya taɓa yin irinsa saboda babu mai yi mana bayani ranar da muke saye. Mutane suna ɗaukar matata a matsayin rariya mai tsince datti, alhali wannan shi ne ƙaramin aikinta. Kifi yana fitar da amoniya, yawanci ta huhunsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Amoniya ba ta da launi, ruwa yana iya zama garau kamar na sha alhali cike yake da ita, kuma guba ce mai ƙona huhun kifi. Babu soson da zai tace ta, tunda narkakkiya ce. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin soso da tsakuwa da duk inda ruwa mai iska yake ratsawa. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, shi ya sa za ka ga kifi yana haki a sama ko da ruwan yana da iska. Gishirin da na ce ka zuba don wannan ne, yana rage shigar naitirayit cikin jini. Kashi na biyu suna mayar da naitirayit naitiret, wanda kifi ke iya jurewa muddin bai taru da yawa ba, shi kuma sauya ruwa ne ke fitar da shi.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Wani masanin kimiyya mai suna Sergei Winogradsky ya gano waɗannan ƙwayoyi a aikin da ya yi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan wajen shekarar 1890. An daɗe ana koyar da cewa ƙwayoyin da ake kira Nitrobacter ne ke yin mataki na biyu a tankin kifi, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ne suka fi yin aikin. Abin da ya shafe mu shi ne ƙwayoyin nan suna da nawar haihuwa, sukan ɗauki kusan yini guda kafin su ninka, don haka sabuwar matata takan buƙaci makonni huɗu zuwa shida kafin ta tara isassun ƙwayoyi. Taka ta yi rabin tafiya ke nan sai kulorin ɗin famfo ya kashe abin da ya fara taruwa, ka koma ranar farko da kifi shida a ruwa lita 54. Farin da ruwan ya yi kuwa wasu ƙwayoyi ne daban masu saurin yaɗuwa da kan bayyana a sabon tanki, da ka rage abinci ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ya washe da kansa cikin kwanaki.

Baban Ilham, Kano

Innalillahi. Malam, Allah ya saka muku da alheri. Ashe baƙin dattin da na matse daga soson shi ne abin da ke raya su. Na sauya rabin ruwan yanzu, na zuba gishirin, kuma na gaya wa yara kada kowa ya ba su abinci. To yanzu in ci gaba da wannan matatar ko in canza?

Maman Sadiƙ, Abuja

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma game da zaɓi ina so in ba da tawa shawarar daga abin da na gani. Tankina santimita 90 ne da 45 da 45, kusan lita 180, kuma shekara uku ke nan ina amfani da matatar kanista, wato wadda take kamar tukunya a rufe, ana ajiye ta cikin kabad a ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya na kai mata ruwa, ɗaya na mayarwa. Kamfanin Eheim na Jamus ya yi suna da irinta tun shekarun 1960, yanzu kuma akwai na Fluval da SunSun da sauransu a farashi daban-daban. Amfaninta shi ne cikinta yana da faɗi, za ka jera soso mai manyan ƙofofi a inda ruwa ke fara shiga, sannan mai ƙanana, sannan zobban yumɓu da ƙwayoyin nan ke zama a jikinsu. Ba ta cin wuri a cikin tanki, ba ta ƙara, kuma sai in yi wata biyu ban buɗe ta ba. Golfish kifi ne mai yawan ci da yawan kashi, yana kuma tonon tsakuwa yana tayar da datti, ƙaramin soso ba zai iya da shi ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce matata ta juya ruwan tanki sau huɗu zuwa shida a awa, ga golfish ma an fi son fiye da haka, kuma lambar da aka rubuta a kwali an auna ta ne babu komai a cikin na'urar, da zarar an cika ta da soso gudun zai ragu. Ni dai a ganina gara mutum ya daure ya sayi mai kyau sau ɗaya.

Malam na Samaru, Zariya

Hajiya, ban musa ingancin kanista ba, amma ina so ki faɗa wa zauren nan me ke kunna taki idan an ɗauke wuta.

Maman Sadiƙ, Abuja

Gaskiya ne Malam, muna da inbata da batura a gidan, soket ɗin tankin yana kan layinsu, don haka ba ta tsayawa.

Malam na Samaru, Zariya

To a nan maganar take. Baban Ilham ya ce wutarsu takan yi awa takwas ba ta dawo ba. Kanista a rufe take ruf, ƙwayoyin da ke cikinta da dattin da ta tara duk suna shan oksijin, kuma ba su da wata hanyar samunsa sai ruwan da injinta ke turowa. Idan injin ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i oksijin ɗin ciki zai ƙare, dattin ya fara ruɓewa irin ruɓewar kwata, har yakan fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin tsoron shi ne lokacin da wuta ta dawo da tsakar dare kowa yana barci, na'urar za ta tashi da kanta ta juye wannan ruwan cikin tanki. Wanda ke da kanista ba shi da wutar ko-ta-kwana, dole ne ya cire filogi duk sanda aka ɗauke wuta, in ta daɗe kuma ya buɗe ya zubar da ruwan ciki kafin ya kunna. Wannan ba aikin da magidanci mai fita neman abinci zai iya yi kullum ba ne.

Abin da nake ba duk wanda ke yanayinmu shawara shi ne matatar soso mai aiki da iska. Soso ne zagayayye mai bututu a tsakiya, ana ajiye shi a ƙasan tanki, ƙaramin famfon iska da ke waje yana hura kumfa ta cikin bututun, kumfar tana hawa tana jan ruwa, ruwan kuma dole ya ratsa soson kafin ya shiga. Babu wani inji a cikin ruwa, babu abin da zai lalace sai famfon iskar, shi kuma wat biyu zuwa biyar kawai yake ci. Akwai masu batir a ciki da ke komawa kan batir da kansu idan wuta ta tafi, akwai kuma ƙananan da ake jonawa da fawa bank irin na cajin waya, masu cin wat ɗaya ko kusa da haka, waɗanda fawa bank mai lamba 10,000 zai iya riƙe su kusan yini guda. Ko da komai ya tsaya, soson yana zaune ne a buɗe cikin ruwan tankin gaba ɗaya, ba zai shaƙe da wuri kamar rufaffiyar tukunya ba. Sannan aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana ciyar da ƙwayoyin yana kuma girgiza saman ruwa, inda oksijin ke shiga.

Wannan na biyun kada a raina shi a ƙasarmu. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe oksijin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi ne kawai, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ke haura digiri 40 da rana, tankin da ke falo yana iya wuce 30, kuma a lokacin ne aka fi ɗauke wuta.

Maman Sadiƙ, Abuja

Na yarda da maganar wuta, Malam, amma ina da ja a wuri biyu. Na farko, ƙwayoyin nan sun fi yadda ake faɗa juriya. An taɓa samun matsala a baturanmu, kanistata ta kwana a kashe, da safe na buɗe na zubar da ruwan ciki na ɗauraye da ruwan tanki na kunna, na auna kwana uku a jere ban ga amoniya ba. Na biyu, matatar soso ba ta tsince datti sosai, ruwan golfish zai riƙa yawo da ɓurɓushi, kuma soson yana cin wuri a ƙaramin tanki kamar nasa.

Malam na Samaru, Zariya

Duka biyun gaskiya ne, Hajiya. Ƙwayoyin ba sa mutuwa gaba ɗaya a dare ɗaya, da yawansu lafawa suke yi su farfaɗo, kuma abin da ya cece ki shi ne kin buɗe kin zubar kafin ki kunna, wanda shi ne ainihin abin da nake tsoron mutum ba zai samu damar yi ba. Batun ɓurɓushi kuma na amince, shi ya sa ba zan ce Baban Ilham ya jefar da matatar da yake da ita ba. Ya bar ta tana tsince datti idan akwai wuta, ya ƙara ta soso a ɗaya kusurwar tana aiki dare da rana. Idan ɗaya ta tsaya ɗaya na nan, kuma zai riƙa wanke su a makonni daban-daban, yadda ba za a taɓa rasa gidan ƙwayoyi mai ƙarfi a tankin ba.

Mai Tarwaɗa, Funtuwa

Malam, ina biye da ku, amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. In dai amoniya ce matsalar, ai sauya ruwa yana fitar da ita, kuma ni shaida ne.

Malam na Samaru, Zariya

Alhaji, shaidarka gaskiya ce a kan tarwaɗa. Allah ya yi wa tarwaɗa wata gaɓa mai rassa a cikin kai, saman huhunta, wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kusa ƙafewa, kuma tana da juriyar ruwa marar kyau fiye da yawancin kifaye. Kai kuma kana da burtsatse da magudana, kana zubar da ɗaruruwan litoci a rana, kuma cikin 'yan watanni ka kwashe kifin ka sayar. Baban Ilham yana da tanki a falo, ruwan famfo mai kulorin, da kifin da ke iya rayuwa fiye da shekara goma idan an kula da shi. Tsakanin sauyi da sauyi amoniya tana hawa, kifin yana shan ta sa'o'i da yawa, sai a sauya ta sauka, gobe ta sake hawa. Matata mai rai tana cinye ta ne a daidai lokacin da ake fitar da ita. Ko a harkarku ma, gonakin da ke sake juya ruwa ɗaya ba sa yi sai da ɗakin tacewa mai cike da robobin da ƙwayoyin nan ke zama a jiki. Amma kana da gaskiya a abu ɗaya babba, wato babu matatar da ke maye gurbin sauya ruwa, domin naitiret ba ya fita ta soso. Kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku duk mako, ana zuƙo dattin tsakuwa da tiyo, wannan wajibi ne komai tsadar na'urar mutum.

Mai Tarwaɗa, Funtuwa

To na gane bambancin. Lallai na ga irin wannan ɗakin tacewa a wurin masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, ban san aikinsa ke nan ba, na ɗauka datti kawai yake tarewa.

Ɗan Maraɗi, Nijar

Sallama ga manyanmu. A wurinmu kayan tankin kifi ba su da yawa a kasuwa, sai mutum ya yi saƙo daga Kano ko Yamai. Ni na haɗa tawa matatar da gorar roba, na huda ƙasanta, na cika ta da tsingaron tukunyar ƙasa da na farfasa, na saka tiyon iska a ciki, ƙaramin faifan sola da batir ke kunna famfon. Tambayata biyu ce. Shin tsingaron yana yin aikin zobban yumɓun da Hajiya ta ambata? Sannan wani ya ce mini in ƙara gawayin girki, wai shi ne baƙin abin da ake sayarwa a leda.

Malam na Samaru, Zariya

Ƙanena, abin da ka haɗa matata ce ta gaskiya, kuma ya burge ni. Ƙwayoyin ba su san farashi ba, abin da suke nema shi ne wuri mai kaushi da ruwa mai iska ke ratsawa. Tsingaron tukunyar da aka gasa sosai, wadda ba a shafa mata fenti ko ƙyalli ba, ba a kuma taɓa dafa abinci ko zuba sabulu a cikinta ba, zai yi. Ka farfasa shi kamar girman gyaɗa mai ɓawo, ka wanke ƙurarsa, ka jiƙa shi kwana biyu, in ka ga yana narkewa yana rina ruwa to gashin bai kai ba, ka nemi wani. Ka sa ɗan soso a inda ruwa ke shiga don kada datti ya toshe tsakanin tsingaron. Sai dai ka guji soson wanke-wanke, wasu ana saka musu maganin kashe ƙwayoyi, ka kuma guji soson katifa, ƙofofinsa sun yi ƙanana kuma ba ka san abin da aka haɗa shi da shi ba.

Gawayi kuwa kada ka saka. Wanda ake sayarwa a leda an sake gasa shi ne da tururi a zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, har jikinsa ya cika da ƙananan ramuka, giram ɗaya nasa yana iya samun faɗin fili sama da murabba'in mita 500 idan an lissafa cikin ramukan. Gawayin girki bai kai ko kusa ba, kuma yana ɗauke da toka, toka kuma tana ɗaga ma'aunin pH na ruwa, wato ma'aunin da ke nuna tsamin ruwa ko kanwarsa, kamar yadda kowace mai girki ta san aikin ruwan toka. Wannan yana da haɗari na musamman, domin gubar amoniya tana bin pH. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ne kawai na amoniyar ke cikin siffarta mai guba, idan ya kai 8 kuwa sai ya zama kusan kashi 5, wato ninki goma. Shi kansa gawayin ledar ba dole ba ne. Yana cire launi da wari da ragowar magani, ba ya cire amoniya yadda za a dogara da shi, kuma cikin makonni kaɗan yake cika. Ni ina saka shi ne kawai bayan na gama yi wa kifi magani don ya tsotse sauran, kuma dole a cire shi lokacin da ake maganin, in ba haka ba shi zai shanye.

Maman Sadiƙ, Abuja

Bari in ƙara abu ɗaya ga duk mai amfani da famfon iska, saboda ya taɓa faruwa da ƙanwata. Idan famfon yana ƙasa da tanki aka ɗauke wuta, ruwa yana iya biyo tiyon iskar ya gangaro cikin famfon, ya jiƙa ɗaki ya kuma kai ga soket. Ku sayi ɗan bawul ɗin nan mai barin iska ta wuce ta hanya ɗaya ku saka a tiyon, ko ku ɗora famfon a wuri mafi tsayi da saman ruwa. Wayar kowace na'ura kuma a bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ɗigon ruwa zai zuba a ƙasa. A gidan da ke da yara wannan ba abin wasa ba ne.

Yaya Babba, Kano

Na karanta duka, kuma akwai maganar da ake ta kewayewa. Baban Ilham, ƙanena, ko da matata goma ka saka, golfish uku sun yi wa lita 54 yawa nan da wata shida. Irin masu dogon jiki suna kai santimita 20 zuwa 30, asalinsu kifin tafki ne da aka fara kiwo a ƙasar Sin, kuma sun fi jin daɗin ruwa mai ɗan sanyi. Tankinka ya fi dacewa da gofi ko moli, ƙananan kifaye masu jure zafi. Tunda mun tsare su a gilashi ba su da inda za su, haƙƙinsu yana wuyanmu. Ka yi shirin babban tanki ko ka nemi mai ƙaramin tafki a gida ka ba shi idan sun warke.

Sannan ina zaune a cikin gari, ina da tanki mai shekara huɗu da matatar soso biyu, kifayena lafiya ƙalau, ba su yi cuta ba tun bara. Ka zo ka karɓi ɗaya, zan saka maka ita a leda da ruwan tankina, ka kai gida kai tsaye ka jona, kada ka bari ta bushe ko ta sha rana. Wannan zai rage maka makonnin jira ƙwarai. Ka sayi sabuwa ka kawo mini a madadinta.

Ɗan Maraɗi, Nijar

Yaya, ni kuma na saka kainuwa a nawa, na lura ruwan ya fi daɗewa bai yi kore ba.

Yaya Babba, Kano

Kainuwa tana taimakawa sosai, saiwarta tana shan amoniya da naitiret kai tsaye, kuma tana yi wa ruwa inuwa. Amma wadda aka ɗebo daga kududdufi tana zuwa da ƙwan katantanwa da matsattsaku da ƙwari masu cin ƙananan kifi, don haka a wanke ta a ajiye a bokiti daban na mako biyu. Kada kuma a bari ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa, domin ta nan iska ke shiga. Tana son haske mai yawa da tanki marar murfi, kuma a tankin golfish ba ta daɗewa, cinye saiwar suke yi.

Baban Ilham, Kano

'Yan uwa, na dawo da rahoto bayan makonni biyar. Ɗaya daga cikin ukun ya mutu a daren da na yi tambaya, biyun sun rayu. Washegari na je na karɓo soson Yaya Babba, Allah ya saka masa da alheri, na sayi famfon iska mai batir da bawul, na kuma sayi kwalaben gwajin ruwa kamar yadda Malam ya ce mini a saƙo. A makon farko naitirayit yana nunawa, ina sauya kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu. Daga kwana na goma sha biyu amoniya da naitirayit duk suka koma sifili, naitiret kuma yana tsayawa wajen miligiram 20 a lita kafin sauyin mako. Na daina ƙara gishiri, ina ba su abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ranar Asabar na wanke tsohuwar matatar a cikin ruwan da na debo daga tankin, na matse ta sau uku kawai na mayar, ta soson kuma sai mako mai zuwa. Na yi magana da mai yankan gilashi a kan tanki mai santimita 120. Tambayata ita ce, idan ya zo, yaya zan mayar da su ba tare da na sake komawa ranar farko ba?

Malam na Samaru, Zariya

Alhamdu lillahi, madalla da wannan labari. Ka cika sabon tankin da ruwan da aka kashe wa kulorin, ka bar shi ya kwana da iska tana aiki har zafinsa ya daidaita da na ɗakin. Washegari ka ɗauki matatun biyu yadda suke, kada ka wanke ko ɗaya, ka mayar da su tare da tsakuwar da kifayen a rana ɗaya, ka ƙara sabuwar matatar soso babba a gefensu. Tunda kifi biyu ne dai ba a ƙara ba, ƙwayoyin da kake da su sun ishe su. Ka rage abinci kwana uku, ka auna ruwan kullum har mako guda, kuma kada ka ƙara sabon kifi sai bayan wata ɗaya. Ka tambayi mai gilashin kaurin da zai yi amfani da shi, domin tanki mai santimita 120 da 45 da 45 yana ɗaukar sama da lita 240, nauyin ruwan kaɗai ya haura kilo 240, don haka teburin da za ka ɗora shi ma sai an yi shi da ƙarfe ko katako mai ƙarfi, samansa a miƙe daidai.